Yadda sojan da ya nakasa a bakin aiki zai bi hakkinsa tun daga Sakkwato

Da wuya ka ratsa unguwa a Sakkwato ba ka samu gidan soja ko tsohon soja ba. Akwai dattawan da suka yi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, akwai waɗanda suka je Laberiya da Saliyo da rundunar ECOMOG a shekarun 1990, ga kuma samarin yanzu da suka yi Sambisa da Tafkin Chadi, ko suke nan kusa da mu a dazukan Isa, Sabon Birni da Tangaza. Cikinsu wani ya dawo da ƙafa ɗaya, wani kunnensa ya toshe saboda ƙarar manyan bindigogi, wani kuma jikinsa garau amma barci ya ƙaurace masa. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancinsu fanshon shekarun aiki kawai suka sani. Ba su san cewa nakasar da aiki ya jawo tana da nata hakki daban ba, kuma wannan hakki tun mutum yana cikin kaki ake kafa shi, da takardu.

Kafin a shiga matakai, a san inda kuɗin ke fitowa. Lokacin da aka kawo tsarin fanshon karo-karo a 2004 an haɗa har da sojoji, amma gyaran dokar da aka yi a 2011 ya fitar da su, dokar fansho ta 2014 kuma ta tabbatar da hakan. Saboda haka tsohon soja ba shi da hulɗa da kamfanonin fansho irin na malaman makaranta da ma'aikatan sakatariyar tarayya. Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja ce ke biyansa. Dokar Fanshon Sojoji, wadda ta samo asali tun 1979, ta yi tanadin ƙari ga wanda ya nakasa yana kan aiki ba da laifinsa ba. Sharuɗɗan aikin soja na bai-ɗaya, waɗanda aka fitar a 2017 aka sake sabunta su a ƙarshen 2024, da kundin harkokin kuɗi na rundunonin tsaro, su ne ke fayyace yadda ake lissafi. Sai dai hukumar fanshon ba ta ƙirƙiro wa kowa nakasa. Abin da rundunarka ta rubuta ta aika mata, shi take biya a kai. Shi ya sa wanda ya tashi daga Sakkwato ya yi doguwar tafiya zuwa Abuja da fayil maras bayanin rauni, sau da yawa bataliyarsa za a sake mayar da shi.

Mataki na farko: a rubuta raunin tun yana ɗanye

Ranar da abin ya faru, ko da zarar ka farfaɗo, ka tabbata rukuninka ya rubuta rahoto: rana, wuri, aikin da aka tura ku, wanda ya ba da umarni, da waɗanda suka shaida. Idan kai ba ka iya magana, abokin aikinka ko matarka su bi maka. A ofishin rukuni akwai odar da ake bugawa kashi na biyu, wadda a cikinta ake shigar da duk abin da ya shafi soja, daga ƙarin girma zuwa aure da haihuwa da kwanciya asibiti. Ka roƙi babban akawu ya nuna maka inda aka buga raunin naka, ka rubuta lamba da kwanan watan odar a littafinka.

Idan raunin mai tsanani ne, akan kafa kwamitin bincike domin ya amsa tambayoyi biyu: shin kana kan aiki lokacin da abin ya faru, kuma shin da sakacinka a ciki? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ke raba wanda za a biya da wanda za a ce masa Allah ya sawwaƙe. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, suna zaton sai harbi ko nakiya ne raunin aiki. Motar sintiri da ta kife a hanyar Goronyo, faɗuwa a filin atisaye, ciwon baya da ɗaukar kaya ya jawo, duk suna iya shiga, muddin an rubuta cewa aiki ne sanadi. Kada jin kunya ko gudun a ce ka cika raki ya hana ka kai ƙaramin rauni wurin likitan rukuni. Gwiwar da ka ɗaure da rawani ka ci gaba da tafiya yau, ita ce za ta hana ka ruku'u bayan shekara goma, kuma a lokacin babu wanda zai tuna ranar da ka faɗi sai katin asibiti.

Mataki na biyu: kada ka bar asibiti ba da izini ba

Wannan gargaɗin na iyaye ne da 'yan uwa fiye da sojan kansa. Mu nan mun yarda da masu ɗori, kuma idan aka ji likita ya ambaci yanke ƙafa, abin da ke fara zuwa zuciyar uwa shi ne a ɗauko yaron a kai shi ƙauye. Tausayi ne, babu shakka. Amma soja da ya fita daga asibiti ko bariki ba tare da rubutaccen izini ba, a idon dokar soja ya ƙaurace wa aiki ne. Idan kwanaki suka ja, sai a lissafa shi cikin waɗanda suka gudu, a tsayar da albashi, ƙarshe a kore shi. Wanda aka kora kuwa ya rasa fansho da garatuti, balle hakkin nakasa. Ga kuma asara ta biyu: watannin da ya yi a hannun mai ɗori babu su a fayil, idan ƙafar ta lalace za a iya cewa shi ya jawo.

Idan ana son ya zo gida ya huta, a nemi hutun jinya a rubuce, da ranar fita da ranar dawowa. Idan asibitin barikin Giginya, inda hedikwatar Runduna ta 8 take, ya ga aikin ya fi ƙarfinsa, shi zai rubuta takardar tura majinyaci, ko zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna, ko na 68 da ke Yaba a Legas, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Duk inda aka je, a riƙe kwafin takardar turawar.

Mataki na uku: kwamitin likitoci

A nan ne ake yanke komai, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Kwamitin likitocin soja ne ke duba mutum ya ce ko zai iya ci gaba da aiki gaba ɗaya, ko a sauƙaƙa masa zuwa aikin ofis, ko a sallame shi saboda lafiya. Shi ne kuma ke auna girman nakasar da kashi cikin ɗari. Kuɗin da za a biya yana bin wannan kason ne da kuma albashin mutum, don haka bambancin da ke tsakanin kaso ƙarami da babba zai bi ka har ƙarshen rayuwa.

Ka shirya wa ranar kamar yadda ake shirya wa kotu. Ka tafi da hotunan ƙashi na farko da na baya-bayan nan, rahoton tiyata, katunan gashin ƙashi, sakamakon gwajin ji da na gani, da jerin magungunan da kake sha. Tun da dare ka zauna da matarka ko wani da ke kwana kusa da kai ku rubuta abin da ka daina iyawa: tsayuwa ta minti nawa, hawa babur, tsuguno a bayi, ɗaukar jarkar ruwa, sallah a tsaye, riƙe fitsari. Wasu daga cikin waɗannan suna da nauyin faɗa, na sani. Amma likita abin da aka gaya masa da abin da ya gani yake rubutawa.

Horon soja ya koya wa mutum ya ƙame ya ce lafiya lau, al'adarmu kuma ta koya mana mu ce "da sauƙi" ko da ciwo na cin mu. Duka biyun suna cutar da mutum a gaban wannan kwamiti. Godiya ga Allah tana nan daram, ka yi ta, sannan ka faɗi gaskiyar halin da kake ciki a ranar da ciwon ya fi tsanani, ba a ranar da ka tashi da dama-dama ba. Kada kuma ka ƙara gishiri, don likitocin sun ga irin raunin sau da yawa, kuma ƙarya ɗaya tana zubar da sauran maganarka.

Ka ambaci kowane rauni daban. Wanda nakiya ta tashi da motarsu yakan mayar da hankali kan ƙafar da ta karye, ya manta da kunnen da ke ƙugi, da ciwon kan da ba ya barinsa, da ɓaraguzan ƙarfen da suka rage a cinya. Abin da ba a shigar a rahoton ba, da wuya a ƙara shi bayan sallama. Kafin ka tashi, ka tambaya cikin ladabi: "Yallaɓai, an rubuta cewa aiki ne sanadin wannan?" Sannan ka nemi a ba ka kwafin sakamakon, ko aƙalla lambarsa da kwanan watansa. Idan kana ganin kason da aka ba ka bai yi daidai da halinka ba, ka rubuta koke ta hannun kwamandanka tun kana cikin aiki, ka haɗa da rahoton ƙwararren likita.

Mataki na huɗu: raunin da ba ya jini

Akwai sojan da ya dawo ba ko ƙwarzane, amma yana firgita cikin dare, ƙarar rufe ƙofa na sa shi kwanciya ƙasa, yana faɗa da iyali ba dalili, ya daina zuwa majalisa da ɗaurin aure. A gida sai a ce iska ce ko sammu, wasu kuma su ce shaye-shaye ya fara. Likitoci sun san wannan ciwo, firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, kuma yana da magani. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita. Muna da Asibitin Tarayya na Masu Taɓin Hankali a Kware, tafiyar ɗan lokaci daga cikin gari, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa.

Dalilin da ya sa na ware wa wannan mataki nasa shi ne, sojan da ke fama da irin wannan ciwo shi ya fi kowa haɗarin kora. Yakan makara, ya yi gardama da na gaba da shi, ya ɓace kwana biyu. Idan babu takardar likita a fayil ɗinsa, rashin ɗa'a za a gani, a hukunta shi a kai. Idan akwai, maganar ta koma ta jinya da kwamitin likitoci. Ke uwargida, ke kika fi kowa ganin abin da ke faruwa da dare. Ki lallashe shi ku je wurin likitan bariki tun kafin a kai ga tuhuma.

Mataki na biyar: karanta takardar sallama kafin ka karɓa

Dalilin sallamar da aka rubuta yana da nauyi ƙwarai. Wanda ya gaji da jiran kwamitin likitoci ya rubuta cewa yana son barin aiki don raɗin kansa, ya sauƙaƙa wa ofis aiki, ya wahalar da kansa, domin takardarsa ba za ta nuna cewa rauni ne ya fitar da shi ba. Ka yi haƙuri a gama zaman kwamitin. Idan takardar ta fito, ka duba sunanka harafi bayan harafi, lambarka ta soja, muƙami, ranar shiga da ranar fita, da dalilin sallama. Sunan da ke nan ya zama shi ne a lambar NIN da BVN da asusun banki. Muhammadu a wuri ɗaya, Mohammed a wani wuri, Mamman a na uku, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da kuɗin mutum watanni.

Idan an ba ka gurbin koyon sana'a a Cibiyar Sake Tsugunar da Sojoji da ke Oshodi a Legas, kada ka raina shi. Ka zaɓi sana'ar da jikinka na yanzu zai iya.

Mataki na shida: fayil uku

Ka haɗa takardar sallama, rahoton rauni, sakamakon kwamitin bincike, sakamakon kwamitin likitoci, takardar albashin ƙarshe, katin shaidar tsohon soja, hotuna, bayanan banki da takardar magaji. Na asali su zauna a gida cikin leda a akwatin ƙarfe, saboda gara da damina. Kwafi ɗaya na yawo da kai, ɗaya a hannun ɗan uwan da ka amince da shi. Ka sa yaro ya ɗauki hoton kowace takarda da waya ya adana. Duk ofishin da ka miƙa wa wani abu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka.

Da kuɗi suka fara shigowa, ka nemi a rarrabe maka su: wanne ne garatuti, wanne ne fanshon wata, wanne ne na nakasa, wanne ne alawus ɗin da ake ba tsofaffin sojoji don kada su yi amfani da horonsu a kan ƙasa. Kowanne da mazauninsa. Mutane kan ga kuɗi mai kauri ya faɗo sau ɗaya su ɗauka an gama biyansu, alhali wani kason bai fito ba. Ka tambayi ofishin kuɗi na rukuninka kuma game da asusun walwala da inshorar da aka riƙa cire maka daga albashi.

Mataki na bakwai: magani bayan ritaya

Kamfanin DHML, wanda ke kula da inshorar lafiyar sojoji, yana ɗaukar waɗanda suka yi ritaya ma, ƙarƙashin tsarin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 2022 ta sabunta. Sai ka yi rajista ka zaɓi asibitin farko, kuma ka zaɓi wanda za ka iya kaiwa da sandarka, ba wanda sunansa ya fi girma ba. Idan za a tura ka wurin ƙwararre, asibitin farkon ne zai nemo lambar amincewa. Wanda ya tsallake ya tafi babban asibiti kai tsaye yakan biya daga aljihunsa. Ƙa'idar inshorar ma'aikata ta ƙasa ita ce mutum da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, don haka mai iyali da yawa ya zauna ya yi shawarar waɗanda za a rubuta, ya kuma tambayi yadda ake ƙara saura. Mai ƙafar roba ya tuna cewa dungulmin yana sauya girma, ƙafar kuma tana cinyewa. Ya tambayi hanyar gyara da sauyi tun kafin ta fara yi masa gyambo.

Hakkokin da ba a cika faɗa ba

Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana cire haraji daga fanshon ma'aikatan tarayya, sojoji kuwa suna cikinsu, ya kuma ce a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka yi wa ma'aikata gyaran albashi. Dokar harajin kuɗin shiga ma ta ambaci fanshon rauni da nakasa na sojoji cikin abubuwan da ba a taɓawa.

Tsohon soja mai nakasa yana da duk hakkin da dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta bayar, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ba nakasassu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, a ba su fifiko a layi, mai lalurar ƙwaƙwalwa kuma a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati. Wanda ya nuna wa nakasasshe bambanci yana fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. Hukumar Nakasassu ta Ƙasa ce ke ba da takardar shaidar nakasa, kuma ya kamata ka mallake ta ban da ta soja. A matakin jiha, Hukumar Zakka da Waƙafi ta Sakkwato tana taimaka wa mabuƙata da kuɗin magani, kuma kasancewarka ɗan fansho ba ya sa neman taimako ya zama abin kunya idan jinya ta fi ƙarfin fanshon.

Ka yi rajista da Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya, wadda aka kafa da doka tun 1964. Wasu ba sa ganinta sai ranar 15 ga Janairu wajen fareti da ajiye furanni, amma a can ne ake fara jin labarin tantancewa da biyan bashin ariya. Ta hannunta ne kuma ƙungiyar tsofaffin sojojin ƙasashen rainon Ingila ke tallafa wa waɗanda suka yi wa Turawa soja kafin 1960 da matan da suka bari. Ga samarin da suka rasa gaɓa, akwai wasannin Invictus na sojojin da suka ji rauni. Najeriya ta fara shiga a 2023 a Jamus, lokacin Janar Christopher Musa, haifaffen nan Sakkwato, yana Babban Hafsan Tsaro, kuma wani soja da ya rasa ƙafarsa a arewa maso gabas, Peacemaker Azuegbulam, ya ciyo zinare a ɗaga nauyi.

Idan an riga an sallame ka, ko an hana ka

Hanyar ta fi tsawo, amma akwai ta. Ka fara da asibitin sojan da ya yi jinyarka, ka nemi kwafin bayanan fayil ɗinka a rubuce. Ka nemo abokan aikin da suka shaida abin da ya faru. Ka samu sabon rahoto daga ƙwararren likitan asibitin gwamnati wanda ya bayyana alaƙar halin da kake ciki da tsohon raunin. Sannan ka rubuta koke na shafi ɗaya ko biyu zuwa hedikwatar rundunarka, ta ƙasa ce ko ta ruwa ko ta sama, da kwafi ga Hukumar Fanshon Soja da sashen tsofaffin sojoji na Ma'aikatar Tsaro. Ka faɗi lambarka, rukuninka, ranar rauni, da abin da kake nema a fili. Zagi da barazana ba sa ƙara wa koke nauyi.

Dokar Rundunonin Tsaro ta ce soja ya ƙure hanyoyin koke na cikin gida kafin ya nufi wani wuri, shi ya sa hatimin karɓar nan ke da amfani. Bayan haka akwai Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam, da kwamitocin karɓar koke na Majalisar Tarayya ta hannun ɗan majalisarka, da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Sakkwato. Ka ga lauya da wuri, domin wasu ƙararrakin da ake kai jami'an gwamnati wa'adinsu wata uku ne kacal. Marar hali ya gwada Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Duk wanda ya ce ka ba shi kaso zai fito maka da kuɗi daga Abuja, ko ya kira ka yana neman lambar sirrin katinka da sunan tantancewa, ka rabu da shi. Tantancewar gaskiya ba a biyan ko sisi, kuma a 'yan shekarun nan Hukumar Fanshon Soja ta buɗe hanyar yin ta ta intanet, abin da ya sauƙaƙa wa wanda ba ya iya tafiya. Idan kana kwance lokacin da aka sanar da ita, iyali su sanar da hukumar a rubuce tare da takardar likita, kada a bari sunanka ya faɗi daga jerin biya.

Magajin da ka rubuta ranar da ka shiga soja kana saurayi, wataƙila mahaifinka ne da ya riga mu gidan gaskiya, ko wan da kuka daɗe ba ku ga maciji. Ka sabunta takardar kafin ka fita, ka nuna wa matarka da babban ɗanka inda fayil ɗin yake, ka kuma gaya wa wanda ka rubuta cewa wakili ne da zai karɓo a raba wa magada yadda shari'a ta tsara. Idan ɗan fansho ya rasu, iyali su kai rahoto da takardar shaidar rasuwa maimakon su ci gaba da cirar kuɗi da katinsa, domin abin da aka cira bayan rasuwa bashi ne da za a nema, kuma yana iya tsayar da hakkin da ya rage wa magada.